Gidan Tsoho Biyu, Ɗigo Ɗaya

Sallama gare ku ’yan uwa, na kusa da na nesa. Wadda ta ɗora tukunya ta janye itace, mai goyo ta gyara zani, domin yau bakina cike yake, kuma ba na son in fara a ce mini “dakata in dawo.”

Ga wadda yau ta fara haɗuwa da ni, sunana Khairiyya, ’yar garin Rabah. Bara na gama makarantar koyon aikin lafiya, ina ɗan taɓa aikin rigakafi na wucin gadi kafin Allah ya kawo na dindindin. Tun ranar da na sauke akwatin makaranta Innarmu ta ɗora mini waƙa ɗaya, safe da yamma.

“Khairiyya, albasa ma in ta ƙosa hiddo ta aka yi. In an bar ta ƙasa, ruɓewa taka yi.”

“Inna, ni ba albasa ta ba.”

“To hiddo miji mu gani.”

Masu nema dai biyu ne. Akwai Khalid, ɗan abokin Babanmu, mai kai albasa Kudu. Mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba, sai dai duk soyayyarsa a buhu take zuwa. In ya yi kewata, buhu. In na yi mura, buhu. Zaurenmu har ya koma yaji, mai sallama sai ya share hawaye kafin a amsa masa.

Sai kuma Bilyaminu. Ku riƙe sunan nan da kyau, akwai dalili.

Daga Sakkwato aka turo shi ya koya mana yadda ake tsayawa a ƙofar asibiti a ɗauki lambobin wuri da waya. Dogo ne siriri, mai tabarau, in zai yi dariya sai ya fara duban ƙasa kamar ya yar da wani abu. Saƙonsa na farko gare ni, na rantse muku, ba “ya kike” ba ne. Cewa ya yi: “Malama Khairiyya, ina kika tsaya jiya? Ɗigonki ya faɗa tsakiyar gulbi. Ina fatan kin iya ruwa.” Daga nan zance ya yi tsawo, har ya kai ga yana son turo manyansa.

Babanmu ya saurare ni yana jan casbaha, ya ce shi ba shi da ta cewa sai tsohuwa ta ga yaron. Tsohuwa ita ce Kaka Habi, mahaifiyarsa, tana can ƙauyenmu na asali, Gidan Maccido, a ƙasar Wurno, bakin fadamar Rima. Maccido kakana ne, shi ya sari garin, ya daɗe da rasuwa. Aka sa ranar Alhamis Bilyaminu zai je gaisuwa.

To a nan ne abin ya faru. Amma bari in fara gaya muku mene ne aikin nasa, don ku gane zafin.

Akwai taswira ta asibitocin jiha kaf, manya da ƙanana, kowanne da ɗigonsa da sunansa. An sa ta a buɗe a intanet, duk mai waya da data zai iya dubawa, ba sai ɗan ofis ba. Da ita masu tsara harkar lafiya ke zama su raba kaya: ina za a kai firjin rigakafi mai aiki da sola, ina za a tura ma’aikaci. Asibitin da ba shi da ɗigo, a wurinsu ba a gina shi ba. Aikin Bilyaminu shi ne tsaftace taswirar, ya gyara kurakurai, ya cire maimaici. Kuma ranar Litinin mai zuwa za a zauna rabon sababbin ungozomomi ga ƙananan asibitocin ƙauye.

Mu kuwa a Gidan Maccido mun daɗe muna jiran wannan rabo. Asibitinmu ɗaki biyu ne da baranda, mai kula da shi Gwaggo Laraba, matar Baffana Iliyasu. Tana allura, tana wanke ciwo, amma ba ungozoma ba ce, in haihuwa ta gardama sai a nemi babur zuwa Wurno a kan hanyar da ko jaki yana tunani kafin ya bi ta. Ga ’yarta Mashkura, ƙawata tun muna wasan ’yar tsana da zangarniyar gero, da cikin fari, ana sa ran haihuwa tsakiyar damina, lokacin da hanyar ke zama kunu.

Ranar Talata da hantsi ina zaune a tabarma, Inna na tankaɗen gari, na ce bari in buɗe taswirar in tura wa Bilyaminu ɗigon asibitinmu don kada ya ɓata ranar Alhamis. Na ja hoton da yatsa, na wuce Wurno, na bi gulbi. Ga fadama, ga tudun da garinmu yake. Babu ɗigo. Na ƙara girman hoton. Babu. Sai can ƙetaren gulbi, daidai garin da ke fuskantar namu, na ga ɗigo guda, an rubuta masa “Gidan Tsoho.”

Dariya ta fara kama ni, sai ta yanke.

Ku da kuka tashi a ƙasar Hausa kun riga kun gane. Duk matan garinmu ko dai matan ’ya’yan Maccido ne, ko na ƙannensa, ko na jikokinsa. Wace ce za ta buɗe baki ta kira sunan suruki? Tun ina yarinya ban taɓa jin mace a garin ta ce komai ba sai Gidan Tsoho. Garin ƙetare kuwa sunansa Gidan Mainasara, su ma da ɗan asibitinsu, kuma matansu su ma abin da suke kiran garinsu ke nan.

Na rubuta masa: “Ina asibitin Gidan Maccido a taswirarku?”

Ya amsa: “Bari in duba.”

Na zuba wa wayar ido. Yana rubutu, ya tsaya. Yana rubutu, ya tsaya. Sai kira ya shigo. Na faɗa ɗaki na ja labule.

“Khairiyya,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, “masu ɗaukar bayani sun kawo asibiti biyu, suna ɗaya, Gidan Tsoho da Gidan Tsoho, kusa da juna. Irin haka yakan hwaru in an ɗauki wuri guda sau biyu, waya ta yi kuskuren ’yan taku. Sai a haɗe su.”

“Wa yah haɗe su?”

“Ni.”

’Yan uwa, ku tsaya ku auna. Jibi zan kai wa Kaka Habi mutumin da ya share garin mijinta daga taswira, in ce ta sa mana albarka.

“Ana iya gyarawa?” na tambaya.

“Ana iyawa kahin Litinin. Sai an tsaya ƙohwar asibitin an ɗauki lambobi, a ɗauki hotonshi da allon sunanshi, sa’annan wata a ofis ta kira mai kula da shi ta tabbatar. Ba ni ka amincewa ba, wanda yay yi ɓarna ba shi ka sa hannu ga gyara ba. Amma Khairiyya, ba su ga allo ba? Da akwai allo da ba su tambayi kowa ba.”

Allo. Na tuna akwai shi da, shuɗi da farin rubutu. Na kira Gwaggo Laraba, sai a kira na uku ya shiga, don sabis a garin sai an hau tudu.

“Gwaggo, masu ɗaukar bayani sun taɓa zakkuwa?”

“Sun zaka bara, lokacin ɗibar albasa, maza dut suna hwadama. Sunka tambayi sunan gari, munka hwaɗa musu.”

“Mi kunka ce?”

“Ke kin san abin da munka ce.”

“To allon asibiti fa?”

Ta yi wata ’yar dariya. “Wanga kam ki tambayi kakarki. Ba ruwana.”

Ranar Alhamis tun da sassafe na yi wanka, na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen kifi, wadda na ɓoye tun sallah, na ɗora hijabi ruwan madara. Lallen da na ƙunsa ya kama, har Inna ta kalli ƙafata ta ce, “Wagga gaisuwar tsohuwa kam ta sha lalle.” Ta ba ni goro da sabulu in kai wa Kaka, ta ja kunnena mu juyo kafin la’asar, kun dai san yadda hanya take a yanzu. Na hau motar Wurno. Shi ya taho daga Sakkwato, muka haɗu a tasha, yana cikin farar shadda mai aikin wuya ruwan toka, hula zanna, ga leda cike da turare da dabino. Daga nan babura biyu muka ɗauka. Fadama ta yi fari da buhunan albasa, iska duk ƙamshinta.

“In ta kore ni fa?” ya ce, da muka sauka.

“Sai ka koma ka share kanka daga taswira.”

Ɗakin Kaka Habi yana nan yadda na san shi. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da fanteka har kusa da rufi, ƙamshin man shanu da turaren wuta. Tana zaune a buzu, da ƙwaryar fura a gabanta, ƙaramar mace kamar a saka ta a aljihu, amma idonta yana ganin abin da ke cikin tulu. Bilyaminu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ta.

“Wanga shi na yaron?” ta tambaye ni, kamar ba ya wurin. “Ba a ba shi abinci Sakkwato?”

“Kaka, haka Allah yay yi shi.”

“To matso, ɗan nan, ka sha hura. In iska ta taso a riƙe mani shi.”

Na so in bari sai an ci an sha kafin a taɓo maganar. Shi bai bari ba. Ya ajiye ludayi, ya gyara zama, ya ce yana da laifin da zai faɗa kafin komai. Ya bayyana mata taswirar dalla-dalla, da rabon ungozoma, da ɗigo biyun da suka zama ɗaya.

Kaka ta saurara har ƙarshe. “Wato kai kash share muna gari.”

“Ni na, Kaka.”

“Da hannunka.”

“Da hannuna.”

“Hmm.” Ta juya ludayi cikin fura. “Ambaliya ta zaka ba ta iya ba. Kai ka iya.”

Na shiga tsakani da sauri. “Kaka, gyara mukaz zaka yi. Allon asibiti muka so. Gwaggo ta ce in tambaye ki.”

Fuskarta ta rufe kamar an saki labule. “Babu allo.”

Amma idonta ya riga ya tona ta, ya sauka ƙarƙashin gado ya dawo. Na leƙa. Bayan akwatin ƙarfe ga wani abu mai faɗi, an naɗe shi da tsohon zanen saƙi.

“Kaka!”

“Ki rage murya, ba kasuwa muke ba.” Ta gyara kallabi. “Ƙohwar asibiti tana kallon ƙohwata. Da anka buɗe firamare, ɗiyan garin ga sunka koyi haɗa baƙi. Kullum in an tashi sai su tsaya gaban allo suna jan sunan, guntu-guntu, da ƙarhi, kamar masu tallan gyaɗa. Mata su taho awon ciki, su ishe ana shelar sunan surukinsu, su juya. Ni ina ɗaki, ina ji. Sunan da ni ban taɓa ɗauka a bakina ba tun ina ɗiya. Niy yi haƙuri, niy yi haƙuri, ran nan nis sa Iliyasu ya ciro shi.”

“Aro za ki ba mu,” na ce. “Mu ɗauki hoto mu maido.”

Bilyaminu ya girgiza kai a hankali. “Masu duba aiki suna zagayowa, Khairiyya. In sunka zaka babu allo, za a koma gidan jiya. In za a kahwa shi, a kahwa shi.”

Na harare shi. Wato mutumin nan bai san inda ake sassauta gaskiya ba.

“Kin ji,” Kaka ta ce. “To ba ni badawa.”

Na matsa kusa da ita, na kama hannunta. Jika ce ni, ina da izinin da babu wanda yake da shi a gidan. “Kaka, Mashkura fa? Damina na tahe.”

Da ta buɗe baki, ba ni take kallo ba.

“Ɗana na biyu cikin jirgi nih haihe shi, tsakiyar gulbi, muna neman hanyar Wurno. Bai kai gaɓa ba. Tsoho da yad dawo daga rufe shi bai shiga gida ba, sai yaz zarce wurin nan, yat taka hili da ƙahwatai, yac ce nan za a yi asibiti ko da shi kaɗai zai buga tubali. Ba sai kin koya mani mi a damina ba, Khairiyya.” Ta share gefen ido da bakin zani. “Allah shi sauki Mashkura lahiya. Amma mutumen da yay yi wanga aiki, ba a mai da sunanshi abin wasan yara.”

Na ga Litinin ta zo ta wuce, na ga Mashkura a bayan babur cikin laka.

Kaka ce da kanta ta juya wurin Bilyaminu. “Kac ce biyu na, kab bar ɗaya. Wanda kab bari, na wa na?”

Ya dube ni. Na yi masa alama da ido ya yi shiru, bai gane ba, ko ya gane ya ƙi.

“Na ƙetare, Kaka. Na Gidan Mainasara.”

Ludayi ya tsaya.

“Mainasara,” ta ce, cikakke, kamar tana tauna tsakuwa a tuwo. Wannan sunan kam ba ta da kunyarsa. “Mainasara da Tsoho yak kayar gaban mata ran kasuwar Goronyo? Mainasara da ka jiran Tsoho shi jefa komar kamun kihi, sa’annan shi ga inda zai jefa tashi? Da Tsoho yas sayi rediyo sai da yas sai da akuyar uwatai yas sayo irinta. Asibitin ma ganin namu yas sa yay yi nashi, ɗaki guda kamar akurki.”

“Allah ya jiƙansu duka, Kaka,” na ce.

“Amin, ban hana ba. Wato yanzu ga takardar gwamnati Mainasara na da asibiti, Tsoho ba shi da?”

“Haka taswira tac ce.”

“Kuma duniya dut tana iya gani?”

“Duk mai waya,” Bilyaminu ya amsa.

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, abin da na daɗe ban gani ba. Ta nuna ƙarƙashin gado da sandarta.

“Jawo shi.”

Bilyaminu ya kwanta rub da ciki da farar shaddarsa ya jawo. Aka warware zanen. Gefen allon ya yi tsatsa, amma fuskarsa tana ƙyalli, an sha goge ta da mai. Kaka ba ta karatun boko, amma ta ɗora yatsa daidai kan baƙin farko na sunan, ba ta yi kuskure ba.

“Wanga mai ƙahwa ukku,” ta ce a hankali, “daga nan yaf hwara.” Sai ta janye hannun. “A kahwa shi. Amma a juya shi shi kalli hanya, ba ƙohwata ba. Kuma a ɗaga shi sama, yaro sai ya yi tsawo kahin shi karanta.”

Baffa Iliyasu ya baro fadama da laka a ƙafa, ya zo da ƙusa da guduma. Shi da Bilyaminu suka kafa allon a bangon da ke fuskantar hanya. Shaddar nan ta tashi daga fara ta koma kalar kunun kanwa, ga tsatsa a ƙirji kamar an ba shi lambar yabo. Ya miƙo mini wayarsa.

“Ke za ki ɗauka. Ki tsaya daidai, kada mu koma gulbi.”

Na tsaya a ƙofar asibitin kakana, na jira lambobin suka natsu, na ɗauka. Na ja baya na ɗauki hoto, allo da baranda da Gwaggo Laraba cikin farin hijabinta tana ƙoƙarin ɓuya bayan ginshiƙi.

Saura turawa, sai an hau tudu. Tudun yana bayan gari, inda ake jera rudun ajiyar albasa. Muka nufi can, ashe labari ya zaga. Na waiga na ga mata sun biyo mu, wasu da goyo, wasu da muciya a hannu, Mashkura tana tafe tana dafe da ƙugu. A gaba kuwa Kaka Habi ce da sandarta.

Saƙon ya daɗe yana juyi kafin ya tafi. Bilyaminu ya sanar da ofis. Muka zauna a inuwar rudu, rana na dukan ƙasa, har wayar Gwaggo Laraba ta yi ƙara. Ta saki muryar a bainar jama’a don kowa ya ji.

Muryar mace ce, mai natsuwa. Bayan gaisuwa ta ce, “Ke ta mai kula da asibitin? Hwaɗa mani cikakken sunanshi.”

Gwaggo ta buɗe baki. Ta dubi Kaka. Ta dubi allon da ake hangowa daga tudu.

“Asibitin Gidan…” Ta sunkuyar da kai. “Gidan Tsoho.”

Wani irin nishi ya tashi daga matan. Na dafe kai. Na juya wurin Baffa Iliyasu, sai na ga ya ƙura wa rudu ido yana sosa ƙeya, shi ma sunan mahaifi ya fi ƙarfin bakinsa a gaban uwarsa.

“Ban gane ba,” matar ta ce. “Ga hoto wani suna niƙ ga. Wanne a gaskiya?”

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. “To mi a amhwanin jika? Khairiyya, hwaɗa musu.”

Na karɓi wayar. Na gabatar da kaina, na ce mai kula da asibitin surukar mai sunan ce, ni kuwa jikarsa ce. Sannan na cika ƙirji, na faɗa yadda za a ji har ƙetaren gulbi:

“Asibitin Gidan Maccido.”

Ku zo ku ga mata. Wannan ta ja mayafi ta rufe fuska, waccan ta juya baya, ana ta ƙyalƙyala a cikin hijabai. Kaka ta runtse ido kamar mai sauraron wata waƙa daga nesa.

“Mai kula da asibiti,” matar ta ce, kuma ina jin dariya a muryarta, “abin da jika tac ce, haka na?”

“Shi na,” in ji Gwaggo Laraba. “Shi na ƙwarai.”

“Na amsa. Ni ma sunan surukina yana cikin sunayen ma’aikatanmu, kullum in niz zo kanshi sai in ce na gaba. Ku duba taswira an jima.”

Ba mu sauka daga tudun ba. Da Bilyaminu ya sake buɗe taswirar, ga shi nan, ɗigo sabo a gefenmu na gulbi, da sunansa cikakke. Ya durƙusa ya nuna wa Kaka. Ta kawo wayar daf da hancinta.

“Wanga namu, wancan na Mainasara?”

“I, Kaka. Nasu ma za mu gyara mishi suna.”

“Wanne yah hi girma?”

“Daidai suke.”

Ta ƙara dubawa. “Namu ya hi haske,” ta yanke hukunci, ta miƙa masa wayarsa.

Da za mu tafi ta kira ni ɗaki ni kaɗai, ta cusa mini daddawa da busasshen kifi a leda.

“Ki ce ma ubanki na ga yaron. Namijin da ka iya cewa ‘ni niy yi’ gaban tsohuwa, da hura a bakinshi, ba a sakinshi. Amma a riƙa ba shi abinci.”

Ranar Talata da safe saƙonsa ya shigo. Hoto ne na jerin asibitocin da aka ba ungozoma, ya zagaye layi ɗaya da ja. Gidan Maccido. Za ta fara aiki kafin ruwan farko. A ƙasa ya rubuta cewa ya nemi a ƙara gurbi a taswirar, kusa da sunan kowane asibiti, inda za a riƙa rubuta sunan da mata ke kiran garin, kuma an yarda. Har ya gano wasu garuruwa a wajen Rara da Kwargaba da yake zargin irin wannan ce ta same su, zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na fito tsakar gida da gudu, ɗankwalina a hannu. Inna tana bakin murhu tana dama koko.

“Inna, an ba mu. An ba garinmu ungozoma.”

“Alhamdu lillahi. Allah shi sauki Mashkura lahiya. Wa yag gaya miki?”

Na buɗe baki.

’Yan uwa, ban san me ya faru ba. Sunan da nake kira tun bara, a waya, a tasha, a gaban kowa, ya zo daidai haƙorana ya tsaya.

“Shi,” na ce.

Inna ta daina dama. “Shi wa?”

“Mai… mai taswira.”

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta mai da ludayi cikin koko tana murmushi.

“Albasa ta ƙosa,” ta ce. “Je ki kira mani ubanki. Kuma ki hwaɗa mishi akwai sabon buhu a zaure, shi san yadda zai yi da mai shi.”

Na koma ɗaki na faɗa kan gado, na rufe fuska da matashi. Waya ta yi ƙara, saƙonsa ne.

“Kin yi shiru. Ni kuma mi za a rubuta a gurbina, wurin sunan da mata ka kira?”

Na daɗe ina kallon saƙon. Na shiga wurin lambarsa, na goge abin da ke kai tun ranar horo, na sa sabo, na ɗauki hotonsa na tura masa. Mai Ɗigo.

Shi ya sa tun farko na ce ku riƙe sunan da kyau. A rubuce kuka gan shi, rubutu kuwa ba faɗi ba ne, wannan ko Kaka Habi ta yarda tunda allonta na can yana kallon hanya. Amma wadda ta tare ni a kasuwar Rabah tana son ta ji shi daga bakina, ta yi haƙuri, ta jira in yi jika.